Filawil mara nauyi a motar yau da kullum: ribarsa da wahalarsa a titin Legas

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni zaune a ƙofar gida a Agege, ya miƙo mini waya. Hoton wani faifan ƙarfe ne mai sheƙi, an fafe bayansa, an yi masa huda-huda a gewaye. Ya ce, "Kawu, wannan nake so in sa wa motata. An ce da shi mota tana tashi kamar an harba kibiya." Na tambaye shi hanyar da yake bi zuwa aiki. Ya ce daga Agege zuwa Apapa, ta Oshodi, safe da yamma. Na matsa masa a kan benci na ce ya zauna, maganar ba ta tsaye ba ce, domin ni ma na taɓa sa irin wannan faifai a motata, na yi wata bakwai da shi kafin na cire.

Filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da aka ɗaure a bayan inji, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Wanda ya taɓa kallon tela a kan keken ɗinki na ƙafa ya riga ya san aikinsa. Tela yana taka feda ne lokaci-lokaci, amma babbar ƙafar ƙarfen da ke ƙasan teburi ba ta tsayawa, nauyinta ne ke ɗaukar juyin ya wuce gaɓar da ƙafa ba ta turawa. Haka injin niƙa na dizal: mai niƙa zai yi ta wana hannu sai manyan ƙafafun nan sun ɗauki gudu, sannan injin ya kama. Injin mota ma haka yake. Kowane fistin yana tafiya huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi, ya fitar da hayaƙi. A cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. Inji mai silinda huɗu yana samun bugu biyu ne a kowane juyi, mai shida yana samun uku. Filawil ke karɓar ƙarfin kowane bugu ya adana, ya saki a tsakani, shi ya sa kake jin inji yana tafiya sumul maimakon fizga-fizga. Ban da wannan, a fuskarsa kuloci yake kamawa, kuma haƙoran da ke gefensa su kik yake cizo ya tayar da mota.

Tun a nan wasu za su iya ajiye maganar. Yawancin tokumbon da ke yawo a Legas, su Camry da Corolla da Sienna, otomatik ne. A cikinsu wani siririn faranti ne a wurin, nauyin kuma yana jikin tukunyar man da ke haɗa inji da giya. Zancen rage nauyin filawil na masu giyar hannu ne.

Abin da ya fi rudar matasa shi ne zaton cewa faifai mara nauyi yana ƙara wa inji ƙarfi. Ba ya ƙara ko doki ɗaya. Man da inji ke ƙonawa da iskar da yake shaƙa suna nan yadda suke. Abin da ya canza shi ne, a duk lokacin da ka taka totur, inji yana da aiki biyu: ya tura mota gaba, ya kuma ƙara wa filawil gudu. In faifan ya yi sauƙi, aiki na biyu ya ragu, sai ɗan abin da aka tsira da shi ya tafi taya. Da zarar gudu ya daidaita, ka tsaya a kilomita 80 ko 100 a awa, ribar ta ƙare, don ba a ƙara wa komai gudu.

Na zana wa yaron lissafin a bayan wata takarda, kuma ina ganin shi ne zuciyar maganar. A ɗauka filawil ɗin motarka kilo 9 ne, faɗinsa wajen santimita 28, ka sauya shi da mai kilo 5, an kwashe yawancin nauyin daga wajen baki. A giya ta ɗaya, a ƙaramar mota, inji yakan juya kusan sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tasirin nauyin faifan a kan tashin mota yana bin wannan lamba ne idan aka ninka ta da kanta. Saboda haka kilo 4 ɗin nan da ka cire, a giya ta ɗaya, daidai suke da ka sauke wajen kilo 100 daga mota, wato buhu biyu na shinkafa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ana jin sa a jiki. Amma sa giya ta biyu, inda inji ke juyi bakwai da ɗoriya a kan juyin taya ɗaya: buhu biyun sun koma kilo 30. A ta uku kilo 15. A ta biyar bai wuce kilo 6 ba, abin da ko jakar makarantar yaro ta kusa kai shi. Lambobin za su ɗan bambanta daga mota zuwa mota, amma yadda suke zubewa haka yake a ko'ina.

Wato duk ribar tana giya ta ɗaya da ta biyu ne, kuma sai in ka danne totur sosai. To a Legas giya ta ɗaya da ta biyu su ne gidanmu, a cikinsu muke yini, sai dai ba da totur a danne ba. Muna cikinsu ne ƙafar hagu a kan kuloci, muna jan ciki bayan tirela.

Ba zan ɓoye daɗinsa ba, don na ɗanɗana. Makon farko da na sa nawa, na fita da sassafe ranar Lahadi na hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, titi fayau. Ka taɓa totur, allura ta yi sama nan take. Ka ɗaga ƙafa, ta faɗo nan take. Canjin giya ya zama abin marmari, musamman in za ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku ka ɗan zuga inji ya daidaita da giyar. Da ka saki totur kuma injin yana riƙe motar da wuri. Motar ta zama kamar dokin da ke jin linzami. Duk wanda ya ce wannan daɗin ƙarya ne bai tuƙa ba.

Sai Litinin ta zo.

Abin da filawil mai nauyi yake yi maka a gosulo ba ka sanin sa sai ka rasa shi. Mota tana tsaye, nauyinta ya haura tan ɗaya, inji yana sulo a juyi 750 ko 800 a minti. A wannan juyin inji ba shi da wani ƙarfin kirki. Lokacin da ka fara sakin kuloci, ƙarfin da ke ajiye a jikin faifan ne ke ba motar turin farko, kafin inji ya farfaɗo. Da faifan asali kana iya ɗaga ƙafa a hankali mota ta gangara ko ba ka taɓa totur ba. Da mara nauyi kuwa, kuloci na kamawa juyi zai faɗi, mota ta yi kakkarwa, in ba ka yi maza ba ta mutu. Maganinsa sai ka ƙara totur. Ƙarfin da faifai ke ajiyewa yana bin gudun juyi ne ninki a kan ninki, don haka in ka rage rabin abin da yake iya ɗauka, sai ka ɗaga allura daga 1,000 zuwa wajen 1,400 kafin ya tara abin da yake tarawa a da. Ƙarin juyi a lokacin da kuloci ke rabin kamu yana nufin ƙarin goga, ƙarin zafi. Ga shi kuma faifan da aka rage wa ƙarfe ba shi da jikin da zai shanye zafin kamar na da. Ka yi wannan sau ɗaya a danja, ba komai. Ka yi shi sau ɗari biyu tsakanin Mile 2 da Tin Can, ka ga bambanci.

Akwai wata ranar damina da ba na mantawa. Ina hawan gada a Oshodi bayan magariba, ruwa na zuba, gilashi ya yi hazo don haka dole esi yana kunne, fitilu a kunne, waifa na aiki. Layi ya tsaya mana a tsakiyar hawan. Da aka matsa na saki birkin hannu, na fara ɗaga kuloci, daidai lokacin kwamfiresan esi ya kama. Allura ta faɗi, motar ta mutu, ta fara silalowa baya. Danfo, bas ɗin haya na Legas, na manne da ni, kwandasta ya buga bayan motar da tafin hannu yana ihu. Na danne birki, na sake tayarwa, wannan karon na zuga inji fiye da kima don tsoro, sai ga warin kuloci ya cika motar, irin warin nan mai kama da ƙonannen gashi. Matata tana gefe da yarinya a cinya, ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta riƙe hannun ƙofa. Shekara goma sha ina tuƙa giyar hannu a garin nan mota ba ta taɓa mutu mini a kan gada ba sai ranar.

Sulo ma ya canza. A tsaye a danja sitiyari yana ɗan rawa, in fankar lagireto ta tashi ko ka murɗa sitiyari ƙarshe sai juyi ya nutse kamar zai ɗauke. Ga wata ƙara daga giyabos, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda take ɓacewa da zarar ka taka kuloci. Na ɗauka wani abu ya lalace. Dattijon bakaniken da nake zuwa wurinsa ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, giyarka lafiya lau. Bugun inji ne ke isa haƙoranta kai tsaye, da can nauyin ne ke tare shi." Akwai kuma motocin da kwamfutarsu ke gane fulogin da ya ƙi kamawa ta hanyar auna santsin juyin inji, a irinsu faifai mara nauyi yana iya sa fitilar inji ta kunnu alhali babu abin da ya lalace.

Sannan a tuna irin injinan da muke da su. Motar da ta yi shekara ashirin, ta ci kilomita dubu ɗari biyu ko fiye, fulogi sun gaji, nozul sun yi datti, robobin da ke riƙe inji sun saki, ga mai wani lokaci ba mai kyau ba. Nauyin filawil yana rufa wa irin wannan inji asiri ƙwarai. Ka cire shi, duk wani ɗan tari da injin ke ɓoyewa sai ya fito fili.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk abin da aka ce wa direba zai sa a mota tambayarsa ta farko ita ce ko yana rage shan mai. Wannan dai kada ka saye shi don haka. Ɗan abin da za ka tsira da shi wajen tashi, ƙarin totur a gosulo zai cinye shi. Ni ban ga wani canji a aljihuna ba.

Mai doguwar tafiya kuma, wanda ke ɗaukar iyali da kaya zuwa Kano ko Sakkwato lokacin Sallah, shi ne ya fi kowa rashin riba. Daga Berger ka kama hanyar Ibadan kana giya ta biyar, inda muka ce ribar ba ta kai komai ba. Inda za ka ji shi kuwa shi ne a shingen bincike ko kan tudu, mota cike da mutum biyar da buhuna a but, kana neman tashi daga tsaye. Mota mai lodi ta fi kowace buƙatar turin farkon nan.

Ba duk faifai mara nauyi ne ɗaya ba, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Hanya mafi araha, wadda na fi jin ana ba yara shawara a gareji, ita ce a cire na asali a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su rage shi. Kada ka yi. Yawancin filawil na asali zubin baƙin ƙarfe ne, irin wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Waɗanda suka ƙera shi sun bar kauri a inda suka bari ne da dalili. In aka fafe shi da ido, aka bar lungu mai kaifi ko aka sirantar da wajen ramukan noti, an buɗe wa tsaga ƙofa, balle faifan da ya riga ya sha zafin shekaru har fuskarsa ta yi ƙananan zane. Yi lissafi: faifai mai faɗin santimita 28 yana juyi 6,000 a minti, bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa. In ya fashe a wannan gudun, gutsattsarinsa suna iya fasa kwanon giyabos su wuce, kuma a motar da ke ja da tayar baya ƙafafun direba suna dab da wurin. Shi ya sa a tseren motoci na Amurka ake da ƙa'idar ingancin filawil, ake kuma sa masa garkuwar ƙarfe. Ko bai fashe ba, in ba a daidaita nauyinsa a na'ura ba, girgizar za ta riƙa cin beyarin na inji sannu a hankali. Gyara fuskar filawil, wato a ɗan share ta ta yi sumul lokacin canjin kuloci, wannan aiki ne na yau da kullum kuma daidai ne. Fafe shi don rage kilo wani abu ne daban.

Na alminiyom shi ne mafi rashin nauyi, wani bai wuce kilo 4 ba. Ana ɗaura masa farantin ƙarfe a fuska don kuloci ya samu wurin kamawa, da zoben haƙora na ƙarfe a baki. An yi shi ne don filin tsere, inda mota ke tashi sau ɗaya ta yini a juyi mai yawa. Duk matsalolin da na lissafa sun fi tsanani a kansa. Na tsakiya shi ne na tataccen ƙarfe mai haɗin kuromiyom, guda ɗaya ba haɗe-haɗe, wanda ya fi zubin ƙarfe juriya nesa ba kusa ba. In dai za a sa wa motar titi, wannan ne kaɗai zan iya kallo, shi ma mai matsakaicin nauyi. Nawa irinsa ne, sai dai na zaɓi wanda ya kusa rabin na asali, kuma can ne na yi kuskure.

Akwai masu wata matsalar ta daban da ake cakuɗa ta da wannan. Motocin Turai da yawa, musamman masu dizal na Volkswagen da Peugeot, suna zuwa da filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara ƙera shi da yawa a 1985, don ya shanye bugun inji kafin ya kai giya. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma in sifirin ɗinsa suka gaji sai ka ji ƙwanƙwasa wajen tayarwa da kashewa. Da yawa in ya lalace suna mayar da shi guda ɗaya saboda kuɗi. Wannan ba neman gudu ba ne, neman sauƙi ne, kuma ina fahimta. Sharaɗin dai a sayi cikakken saiti da aka yi don wannan motar, mai nauyi kusa da na asali, tare da faifan kuloci mai sifirin a jikinsa, domin na asalin sau da yawa ba shi da su. Ko da haka a sa rai da ƙarin ƙara a sulo. Dizal bugunsa ya fi na fetur tsanani, shi ne injin da bai kamata a yi masa rowar nauyi ba ko kaɗan.

Wa zai ji daɗinsa ke nan? Mutumin da ke da mota biyu, ɗaya ta zuwa aiki, ɗaya ta sha'awa da yake fitarwa ranar hutu. In injinta silinda shida ne ya fi, don bugunsa ya fi kusa da juna, yana jure rashin nauyi fiye da mai huɗu. Irin wannan mutum ya san abin da ya saya, ƙarar giya ba za ta dame shi ba, kuma ba shi ne zai kwana a layin tankoki a Ijora ba.

In ka ji duk wannan kuma zuciyarka ta nace, to ka jira sai kulocinka ya ƙare, tunda aikin ɗaya ne: dole a sauke giyabos, kuma kuɗin aikin ba kaɗan ba ne da za a biya sau biyu. Kada ka rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, iyaka ɗaya cikin uku, na nauyin asali. Ka tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ta Trade Fair da tsohon a hannu, a ɗora su a sikeli, a ƙirga haƙora, a gwada ramukan noti. A motoci irin Peugeot da dama, sensar da ke gaya wa kwamfuta inda fistin yake daga jikin filawil take karatu. In tsarin haƙoran ya saɓa, motar ba za ta tashi ba sam. A sa sababbin noti, domin a injina da yawa notin filawil ɗauri ɗaya ake yi musu, kuma a ɗaure su da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse da bututu ba. Tunda wurin a buɗe yake, a canza robar da ke tare baƙin mai a bayan inji. Tsohon faifan kuma kada ka bar shi a gareji. Shafa masa mai, naɗe shi a buhu, kai shi gida. Ni da na bar nawa, da na dawo nema bayan wata bakwai an ce an haɗa shi da kayan gwangwan an sayar, sai da na sayi wani na hannu na sake biyan kuɗin sauke giya, ga sabon kuloci tunda wancan ya ƙone kafin lokacinsa.

Ɗan yayata ya yi shiru yana duba takardar lissafin. Can ya ce, "To Kawu, ni dai motar ce nake ji ta yi nauyi wajen tashi." Na ce ya buɗe but. Akwai jarkar ruwa lita 25 a cike, da tsohon batir, da taya biyu, da akwatin kayan aikin da ya ce na abokinsa ne tun bara. Muka sauke su a ƙofar gida. Na duba matatar iska, ta yi baƙi ƙirin. Tayoyin gaba kuma duk iskarsu ta yi ƙasa. Na ba shi lambar dattijon bakaniken nan, na ce ranar Asabar mai zuwa ya kai ta a canza fulogi da matata, a wanke maƙogwaron totur, a duba ko kuloci ya fara zamewa, sannan ya bi hanyarsa ta Apapa mako biyu ya dawo mu sake magana.